Fijon Baba: a dasa mata injin Toyota ko a bar ta yadda Kaduna ta haɗa ta?

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 salun, ƙirar 1984, haɗin Kaduna. Tun kafin rasuwarsa ta daina tashi, tana ajiye a garejin gida. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai na damu da ita, domin a cikinta yake kai mu makaranta, kuma da ita na koyi tuƙi. Bara na ja ta zuwa wurin bakanike. Zuwa yanzu ta cinye mini fiye da albashin wata uku, amma har yau in ta tashi sai ta yi zafi ta mutu. Bakaniken ya ce in daina wahalar da kaina, ya cire injin ya dasa na Toyota, a sa mata gas, a yi sabon fenti da rim na zamani. Yayanmu ya ce a sayar a raba kuɗin tunda ba ta shiga rabon gado ba, ga shi muna da ƙanne biyu da ba su balaga ba. Maiɗakina kuma in na ambaci Fijo sai ta tashi ta bar mini ɗakin. Ina son motar nan har cikin raina. Yaya zan yi?

Wani mai karatu, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ka riƙe motar, kuma kada ka bari kowa ya cire mata injinta. Amma tun yau ka je garejin ka ce wa bakanike ya dakata da kowane irin aiki, domin motar da kake zuba wa kuɗi ba taka ba ce tukuna.

Yayanka ya fi ka gaskiya a wannan gaɓar, ko da kuwa yadda ya faɗa bai yi maka daɗi ba. Duk abin da mamaci ya bari, daga gona har tabarma, haƙƙin magada ne, kuma Suratun Nisa'i ta yanka wa kowa kasonsa a aya ta 11 da ta 12. Idan matan mahaifinku na raye suna da tumuninsu a cikin motar nan, 'yan'uwanka mata suna da nasu, ƙannen nan biyu ma haka. Su ne ma suka fi tsaya mini a rai, domin marayu ne, kuma aya ta 10 ta wannan sura ba ta yi sassauci ga mai taɓa dukiyar maraya ba. Son da kake wa motar gaskiya ne, amma bai ƙara maka ko kwabo a kan kasonka ba.

Mafitar ba ta da wuya. Ka nemi a zauna, da yayanka da iyaye mata da wanda ke riƙe da yaran, a gaban malamin ko alƙalin da ya yi muku rabon farko. A kira dillalan mota biyu ko uku da ba su da alaƙa da kai su yi mata kuɗi. Bakanikenka ba ya cikin masu kimantawa. Ka ce kai ne mai saye, a cire kasonka, ka biya sauran. Manya in sun yarda za ka iya biyan su kaɗan-kaɗan, wani ma ƙila ya ce ya bar maka nasa, amma kada ka roƙa, kuma ba mai ikon yafe kason yaro a madadinsa. Nasu ka biya cif, a hannun waliyyinsu, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kuɗin da ka riga ka kashe ka faɗe shi a zaman, da rasit in akwai, ka bar wa mai rabon ya faɗi hukuncinsa. Kada ka mai da shi abin rigima, domin ba wanda ya aike ka.

Lissafi ma yana goyon bayan ka yi sauri. Fijo 504 da ba ta tafiya, fentinta ya koɗe, kuɗinta a kasuwa ba mai yawa ba ne. Duk nairar da ka zuba mata kafin a kimanta, kuɗin da za ka biya 'yan'uwanka kake ƙarawa da hannunka. In ka bari sai ta yi ƙyalli tana tafiya lafiya sannan aka zauna, wanda jiya bai san inda makullinta yake ba zai ce motar Baba ba ta sayarwa da arha, kuma ba za ka iya cewa ya yi ƙarya ba.

Game da maiɗakinka, ba na jin motar ce take ƙi. Abin da take gani shi ne kuɗi na fita daga gida ba ta san nawa ba ne, ba ta san ranar da zai tsaya ba, abin da ake kashe wa kuma ko kasuwa bai taɓa kai ta ba. Ka zauna ka faɗa mata jimillar abin da ka kashe, ba ragi. Sannan ku yanka abin da za ka riƙa ware wa motar duk wata, bayan abinci da kuɗin makaranta da haya da magani. Watan da babu rara, Fijo ta jira, ai ta saba da jira. Kada kuma ka ce mata jari kake yi, wata rana motar za ta yi miliyoyi. A Turai ma 504 da ke tsada su ne mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, ba salun irin taku ba, kuma mafi yawan masu gyara tsohuwar mota ba sa mayar da abin da suka kashe. Ka faɗa mata gaskiyar da ka faɗa mini: motar babanka ce, kana kewarsa. Wannan dalili ya isa, kuma mace ta fi saurin karɓar sa a kan lissafin ribar da ta san babu.

To, mu zo kan injin, inda nake so ka tsaya da ƙafarka.

Abin da ke hannunka ba tarkace ba ne. A 1968 Peugeot ta fito da 504 a Faransa, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma kafin a daina ƙera salun ɗin a can a 1983 an yi fiye da miliyan 3. Ita ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, tseren da ake yi a kan laka da duwatsu. A wannan shekarar kamfanin PAN, mai haɗa Peugeot a Najeriya, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, aka kuma ci gaba da fitar da 504 daga can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan masu ita sun bar ta. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, doguwarta kuma ita ta yi ta jigilar mutane daga Kano zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana lissafa mota cikin na tarihi idan ta kai shekara 30 kuma an kiyaye ta a kan asalinta. Taka ta wuce 40. Ranar da aka dasa mata injin wata mota, sharaɗi na biyun ya tafi, kuma shi ne ba a sayowa a kasuwa.

Ko ka ajiye tarihi gefe, dashen ba ƙaramin aiki ba ne kamar yadda ake nuna maka. Injin fetur na 504 a kishingiɗe yake zaune, an kwantar da shi gefe guda don bonet ya yi ƙasa. Farfelar salun kuma ba a fili take juyawa ba, a cikin wani bututun ƙarfe take, wanda ya ɗaure giyabos da aksil na baya suka zama abu guda. Wanda zai sa injin Toyota dole ya yanka mazaunin inji, ya yi walda, ya ƙirƙiro yadda giyabos zai haɗu da wancan bututu ko ya cire shi baki ɗaya, ya sake salansa da wayoyi. In injin na zamani ne mai kwakwalwa, ga famfon mai da na'urori da za su biyo baya. Akwai gwanayen da ke yin wannan da kyau, amma ba su da yawa, kuma ba su da arha. Abin da aka fi gani shi ne mota mai rawa in ta ɗauki gudu, mai cin roba da bearin, wadda makanikin Fijo zai ce ba tasa ba ce, na Toyota ma ya ce ba tasa ba ce. Ƙarfen da aka yanka kuma ba ya komawa yadda yake.

Sannan har yanzu ba a nuna maka cewa injin ya mutu ba. An dai ce yana zafi. Zafi alama ce, kuma a wannan injin dalilansa sanannu ne. Motar da ta yi shekaru a tsaye da ruwan rijiya a cikinta, lagiretonta ya toshe da tsatsa da ƙasa, sai an kwance an wanke ko an sake masa ciki. Murfin lagireto in ya saki ba ya riƙe matsi, ruwa sai ya tafasa da wuri. Fuka-fukan famfon ruwa kan cinye. Tamostat kan maƙale a rufe, kuma maganinsa a sa sabo, ba a cire a jefar kamar yadda aka saba a garejinmu ba. Fankar 504 da yawa tana da maganaɗisu da ke kama ta sai inji ya yi zafi, in wayarsa ko makunninsa ya lalace za ka ga kamar tana juyawa alhali ba ta jan iska. Taimin da ya yi baya shi ma yana dafa inji. Mutuwar da take yi kuma ƙila ba ta da alaƙa da ruwa sam: kwayil da ya tsufa yakan yanke wuta in ya ɗau zafi, dattin tsohon fetur daga tanki kuma yakan toshe kafireto bayan 'yan mintuna.

Akwai abin da za ka duba da idonka. Da safe, inji na sanyi, zaro sandar gwajin baƙin mai, ka kuma buɗe murfin da ake zuba shi ka leƙa ƙarƙashinsa. In ka ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa na shiga mai. Buɗe murfin lagireto, tun inji bai yi zafi ba, a tayar da motar ka tsaya kana kallo. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, gasket ya ƙone ko top silinda ya lanƙwashe, domin na alminiyam ne, ba ya jure tafasa. Ko hakan ne ma ba mutuwa ba ce. Babban alherin wannan inji shi ne silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai-kawo a ciki, zarewa ake yi: a sayo silif da fistin da zobe sababbi a zura, inji ya dawo kamar na jiya ba tare da an kai bulok wurin gurza ba. Sai dai a nan ne kuma wanda bai san Fijo ba yake ɓarna. In an ɗaga top silinda dole a danne silif ɗin da wani abu kafin a juya inji. In suka motsa, abin da ke toshe ruwa a gindinsu ya saki, a rufe inji da sabon gasket amma ruwa ya ci gaba da gangarawa cikin mai. Ka tambayi bakanikenka ko ya taɓa buɗe kan injin, in ya ce e, ka tambaye shi da me ya danne silif. Amsarsa za ta gaya maka ko wurinsa ne ya dace da motarka.

Ban ce mutumin macuci ba ne. Yawancin matasan kanikawa a kan motocin Japan suka koyi aiki, kowa kuma abin da hannunsa ya sani yake ba da shawara a kai. Kai dai ka nemi tsohon hannu. A Kaduna da Zariya da Kano da Jos har yanzu akwai dattawan da suka yi rayuwarsu a ƙarƙashin 404 da 504 da 505. Hanya mafi sauƙi ta samun su ita ce ka je tasha ka tambayi tsofaffin direbobin da suka ja doguwar Fijo, ko masu a-kori-kura 504 da ke ɗaukar kaya har gobe. Kafin ya kwance komai ka ce ya gwada matsin kowace silinda da geji a gabanka, ka rubuta lambobin huɗu. In sun yi kusa da juna, cikin injin lafiya yake.

Kayan gyara ba su gagara ba. Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Legas, duk ana samu, kuma 505 mai fetur da ta fito a 1979 ta gaji injin nan mai lita 2, don haka abubuwa da dama na shiga juna. Ka riƙa zuwa da tsohon kayan da aka cire a hannunka ana gwadawa. Inda za ka yi hattara shi ne jabu, musamman kwantak da kwandensa da gasket da robobin birki. Sau da yawa tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wata Fijo ya fi sabo mai ƙyallin kwali. Abin da ke wahalar samu kuwa ba na inji ba ne: fitilun gaba masu siffar nan tata, gilashin fitilun baya, zakin gaba, ƙarafunan ado, robar gilashi, dashbod da rana ba ta fasa ba. Duk wanda aka cire daga jikin motarka, ko ya lalace, a sa maka a kwali ka kai gida. Kada ka bar ko ƙusa a gareji.

Fenti shi ne na ƙarshe, duk da na san shi ne zuciya ta fi so. Kafin shi akwai birki: motar da ta daɗe a tsaye man birkinta ya sha ruwa, robobi sun bushe, tiyo ya tsattsage, duk a sake su ba tare da ciniki ba. Tayoyi ko da zanensu bai cinye ba ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, in kuma lamba uku ka gani to tayar ta girmi shekarar 2000. A wanke tanki, a sake tiyon fetur gaba ɗaya, domin tsohon tiyo a kusa da salansa shi ne ke cinna wa irin waɗannan motoci wuta. A kira rewaya ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ɓeraye ba sa raga wa motar da ke ajiye. Sannan a ɗaga kafet a duba ƙasa, da ƙarƙashin batir, da cikin but, da inda shokazoba na gaba ke ɗaure. Motar da ta zauna a Arewa takan tsira daga tsatsar da ke cin na bakin teku, wannan sa'arka ce. In fentin asali bai mutu ba, a gwada goge shi tukuna. In dole sai an sake, a yi kalar da Baba ya saya, kuma ka tsaya a kan mai gyaran bodi kada ya cika ramuka da foti maimakon ya buga ƙarfe.

Ba ina nufin kada ka canza komai ba. Ma'aunina shi ne a yi abin da za a iya kwancewa da sifana a mayar yadda yake. Cire kwantak a sa na lantarki a cikin distirbuta yana sa ta tashi da bugu ɗaya, kuma ba wanda zai gani daga waje. A ƙara rile a fitilun gaba su yi haske. A sa bel na kujera masu kyau gaba da baya, tunda 'ya'yanka za su shiga. A ƙara fankar lantarki a gaban lagireto saboda zafin Afrilu da cunkoso. In tana da na'urar sanyi ta asali a gyara ta a mayar da ita kan gas R134a, tunda an daina R12 da aka yi ta da shi. Rediyon zamani a ɓoye shi a aljihun dashbod, a bar na Baba a mazauninsa. Rim kuwa ka haƙura. Ƙusoshin tayar 504 huɗu ne a kan da'irar milimita 140, rim ɗin motocin yau ba sa shiga sai an huda ko an sa abin haɗi, kuma ba a wasa da abin da ke riƙe taya. In kana son na alminiyam, ka nemi na Peugeot na wancan zamani da aka yi wa wannan awo.

Maganar gas na fahimci inda ta fito. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai tsohuwar mota mai kafireto yana ji a jikinsa. Amma CNG, wato gas ɗin mota da ake matsawa a tukunya, yana biyan kuɗinsa ne ga motar da ke kan hanya kullum, kamar tasi. Taka ba ita za ta riƙa kai ka aiki ba, ta fitar Juma'a ce da ɗaurin aure da zuwa gaida dangi. Tukunyar tana da nauyi, za ta cinye rabin but, sai an huda ƙasa an ɗaure ta, ƙarfin motar kuma zai ragu. In wata rana ka ga lallai sai ka sa, to a cibiyar da hukuma ta amince da ita kawai. Gas ɗin ana matsa shi har "bar" 200 a ma'aunin matsi, tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta ɗaukar wannan, kuma irinta ce ta fashe da wata mota a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024.

Da zarar an gama maganar gado, ka ɗauki takardar yarjejeniyar da tsofaffin takardun motar ka je ofishin lasisi a mayar da ita sunanka, ka sabunta lasisi da inshora. Ka duba lambar casis da ta inji su dace da abin da ke rubuce, ka ɗauki hotonsu da na farantin da ke ƙarƙashin bonet kafin mai fenti ya kusance su. In tsohon hannun ya buɗe ya nuna maka da idonka cewa bulok ya tsage, sai a nemo injin 504 ko na 505 irinsa a ɗora, a gyara lambar a takarda, tsohon kuma a zuba masa mai a rufe a ajiye a gida. In ta tashi, ka riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako, tafiyar da za ta kai inji ya yi ɗumi sosai, ka sa mata ruwan kulan maimakon na rijiya, lokacin hunturu kuma ka riƙa duba matatar iska akai-akai saboda ƙura.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya marayun.